AMSOSHIN MASU SAURARO: Ina Maigida Yake Cin Tuwon Dare?

Kamar yadda muka saba, abin da muka faɗa a gidan rediyo shi ne muke kawo maku a rubuce, domin wanda batirinsa ya mutu ko aka ɗauke masa wuta ranar shirin kada a bar shi a baya.

Makonni biyu da suka wuce mun taɓo batun cin abinci tare da iyali, a taƙaice ma kuwa. Ashe mun sosa wa jama'a inda ke yi masu ƙaiƙayi. Wasiƙu da saƙonnin waya suka yi ta shigowa, wasu na sa albarka, wasu na yi mana faɗa. Na zaɓo kaɗan daga ciki. Sunan gari kawai za mu ambata, ban da sunan mai wasiƙa, tun da maganar cikin gida ce.

Wasiƙar farko ta fito daga wata baiwar Allah a Funtuwa. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ta ce shekararta 14 da aure, 'ya'yanta 5. Maigidanta ɗan kasuwa ne, ba ya rage ta da cefane, wannan ta yaba masa. Amma da ya fita bayan Asuba, wajen mai shayi yake karyawa, abincin rana a kasuwa, na dare kuma a majalisa, yau tsire, gobe indomi da ƙwai. Ba ya shigowa sai wajen ƙarfe 11, yara sun daɗe da barci, tuwonsa kuma ya kwana a cikin kula. Ta ce yanzu yaran ma sun ɗauki hannu: kowa sai a ba shi kuɗi ya je ya sayo abin da ransa ke so. Babban, mai shekara 13, ya ce shi ya daina cin tuwo. Ta ce ta gaji da tuƙa abin da ba mai ci. Shin ta daina girkin dare ne kawai ta huta?

To Malama, mun ji, Allah Ya ba ki ladan haƙuri. Amsata a gajarce ita ce a'a, kada ki kife tukunyar dare. Ranar da kika kife ta, kin rufe ƙofa ta ƙarshe da za ta iya tara mutanen gidan nan wuri ɗaya. Ki dai rage yawan abin da kike tuƙawa, ki auna daidai bakin da ke ci, amma kada wutar murhu ta mutu.

Bari in gaya maki dalili. Na yi shekaru ina riƙe da alli kafin in zo gidan rediyo, kuma duk malamin firamare zai shaida maki cewa kafin a tashi tara ya riga ya gane yaron da ya karya a gida, da wanda aka cusa wa kuɗi a aljihu aka ce je ka. Na biyun nan alewa da cingam zai saya, ko ya ɓoye kuɗin don wata buƙata tasa, ƙarfe 10 na yi ka gan shi yana gyangyaɗi. Yaro ba ya zaɓen abinci don amfaninsa, zaƙi da maiƙo yake bi. Wannan ba laifinsa ba ne, ƙuruciya ce. Shi ya sa zaɓen abin da zai shiga cikinsa aikin babba ne, kuma babba ba zai iya wannan aiki daga nesa ba.

Ban da ciki ma, akwai ido. Uban da ke zama da 'ya'yansa a gaban kwano shi ne ke fara lura cewa wane yau loma uku ya yi ya tsame hannu, ko wance idonta ya yi fari, ko wannan ya shigo da wata kalma a bakinsa wadda ba a gidan nan ya koye ta ba. Yaron da ya fara bin miyagun abokai ko ya fara shaye-shaye, lokacin shigowarsa gida da yanayin cin abincinsa suna cikin abubuwan da ke fara canzawa. In akwai lokacin da kowa ya san dole a gan shi a gida, rashin ganinsa kaɗai labari ne. In babu, sai abu ya yi nisa a ji daga bakin maƙwabta.

Masu bincike ma sun duba wannan al'amari. A shekarar 2011 wasu masana biyu na Jami'ar Ilinoi ta Amurka, Amber Hammons da Barbara Fiese, sun tattara sakamakon bincike 17 da aka yi a kan yara da matasa fiye da 180,000. Suka ga cewa yaran da ke cin abinci tare da iyalinsu sau 3 ko fiye a mako sun fi cin abinci mai amfani, sun fi rage kayan kwalama, kuma ba su cika yin ƙiba mai cutarwa ba. Na san wani zai ce, Malam, mu ai ba ƙiba ce ta dame mu ba, rama ce. Haka ne. Kuma ba zaman kaɗai ke yin wannan aiki ba, domin gidan da ake taruwa a ci tare galibi gida ne mai tsari a sauran al'amura. Abin da nake so ki riƙe shi ne adadin: sau 3 a mako. Ba a ce sai safe da rana da dare, kwana bakwai ba.

Saboda haka ki zaɓi abinci ɗaya tak, ki kafa masa lokaci. A irin gidanki na dare ya fi sauƙi, tsakanin Magariba da Lisha. A shimfiɗa tabarma a wuri ɗaya kullum, ko maigida na nan ko ba ya nan, ke ki zauna da yaranki ku ci. Kuɗin sayen abincin dare kuwa a soke shi. Ki yi lissafi da kanki: a ce kowane yaro naira 500 kike ba shi, yara 5, naira 2,500 ke nan a dare ɗaya. Ki je kasuwa ki tambayi abin da wannan kuɗi zai sayo na wake da ganye da manja, ki gani ko bai fi abin da suke sayowa a leda auki ba. Shi kuma saurayin da ya yi wa tuwo yaji, kada ki yi dambe da shi. Ki ba shi muƙami: ranar kaza shi zai faɗi abin da za a dafa, kuma shi zai je cefanensa. Wanda ya sayo kayan miya da ƙafarsa da wuya ya ƙi ɗanɗana miyar. Kwana biyu zai yi fushi, na uku yunwa za ta sasanta ku.

Saura babban aiki, wato maigida. Kada ki tare shi da wannan magana a bakin ƙofa ƙarfe 11 na dare, kuma kada ki yi ta a gaban yara. Ki nemi lokacin da ransa ke sake, ki roƙi dare ɗaya kawai a mako, alal misali daren Juma'a. In kina da wayo ma, autarku za ki tura ta ce, Baba yau da kai za mu ci. Akwai mazan da za su iya ce wa matarsu a'a sau goma, amma ba za su iya ce wa 'yar shekara huɗu sau ɗaya ba.

Sai dai fa ga sharaɗi, kuma ina roƙon duk matan da ke saurarena su ji wannan da kyau. Ranar da ya zauna, kada a mai da tabarmar kotu. Da yawa daga cikin mazan da ke gudun cin abinci a gida ba tuwon suke gudu ba, abin da ke biyo bayan lomar farko suke gudu: kuɗin makaranta, gawayi ya ƙare, wane ya fasa tulu, wance ta yi rashin kunya sai ka hukunta ta. Mutum ya ci wannan sau biyu, na uku yana wajen mai shayi. A bar lissafi da ƙara sai an wanke hannu, yara sun tashi.

Ku kuma 'yan'uwana maza, tsakaninmu ne. Majalisa ba za ta gudu ba. Daga sallame Magariba zuwa kiran Lisha akwai kusan sa'a guda, minti 20 a ciki ya isa ka shiga gida ka ci da 'ya'yanka, bayan Lisha ka koma ku ɗora muhawarar siyasa da ƙwallo daga inda aka tsaya. Wayar nan kuma a bar ta a aljihu. Uban da hannunsa na dama ke cikin kwano, na hagu na latsa waya, jikinsa ne kawai ya zo.

Wasiƙa ta biyu daga wani dattijo ce a Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, kuma shi faɗa ya yi mana. Ya ce wannan abu da muke kira a kai ɗabi'ar Turawa ce da 'yan boko. Ya ce shi tun da ya tashi bai taɓa ganin mahaifinsa ya sa hannu a kwano ɗaya da mahaifiyarsa ba, kuma gidansu bai lalace ba. Ya tambaya: ina kunya, ina kwarjinin maigida?

Baba, Allah Ya ƙara girma. Abin da ka faɗa game da gidajen da gaskiya ne, ba na musu. Maza a zaure ko a ƙofar gida, mata a ciki, yara a nasu kwanon. Amma don Allah mu tuna yadda abin yake ɗungurungum. A lokacin da kake magana, da an sallame Magariba sai ka ga yara na fitowa da akusa daga kowane gida, a jera a gaban magidanta, a yi ciyayya. A ci na wannan a koma na wancan. Baƙon da dare ya yi masa ya samu, wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ya ƙoshi ba tare da kowa ya sani ba, wanda miyarsa ba ta yi daɗi ba ma asirinsa a rufe, hannu da yawa maganin ƙazamar miya. A cikin gida kuma uwa ko kaka na zaune kusa da kwanon yara. Ƙarami ke riƙe kwano, ba mai kai hannu ga nama sai an raba, babba ya tsame hannu ya bar wa ƙanensa saura. Ka ga a wannan tsari ba mai ci shi kaɗai, lokaci sananne ne, abincin daga tukunyar gida ya fito, kuma akwai idon babba a kan yaro.

To, a birane da yawa wannan ciyayya ta ja baya. Gidan haya ba zaure, maƙwabci bai san maƙwabci ba, kakar da ke tsaron kwanon jikoki tana ƙauye. Tsohon tsari ya tafi, ba a kafa wani a gurbinsa ba, sai kowa ya kama ledarsa. Wannan ci na ɗaiɗai shi ne baƙon abu a wurinmu, Baba, shi nake yaƙa. In a unguwarku har yanzu ana ciyayya, kuma 'ya'yanka maza na zama kusa da kai, wallahi ka riƙe ta da kyau, ba ni da abin da zan ƙara maka.

Batun cewa na Turawa ne kuwa, malamanmu suna karantar da hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito daga Wahshi ɗan Harbu, cewa sahabbai sun kai kuka suna ci ba sa ƙoshi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye su ko a rarrabe suke ci, suka amsa, sai ya umurce su da su taru a kan abincinsu su ambaci sunan Allah don a sa masu albarka. Akwai kuma na Umar ɗan Abu Salama a Buhari da Muslim. Yana yaro a hannun Manzon Allah, hannunsa na yawo a cikin kwano, aka koya masa ya yi bisimilla, ya ci da dama, ya ci abin da ke gabansa. Ka lura, a kan kwano aka yi wannan tarbiyya, babba da yaro suna zaune tare. Muslim ya kuma ruwaito daga Nana A'isha cewa sukan sha a mazubi ɗaya ita da shi. Kwarjinin wa ya kai nasa? Amma don kada in matsa abin da addini bai matsa ba, aya ta 61 a Suratun Nur ta nuna babu laifi a ci tare ko a ci a rarrabe. Ba wajibi nake ɗora wa kowa ba. Kuma ban ce sai tebur da cokali mai yatsu ba. Ban ce suruka ta zauna gaban surukinta ba, ban ce mai kunyar ɗan fari ta keta ba. Kowane gida ya san iyakarsa.

Af, kafin in wuce, su ma waɗanda ake cewa muna kwaikwayo kukan da muke yi suke yi. Ƙasar Japan sai da ta kafa doka a 2005 a kan koyar da tarbiyyar cin abinci, kuma ƙasar Birazil, a cikin jagoran abinci da ma'aikatar lafiyarta ta fitar a 2014, ta shawarci mutane su riƙa ci a kan lokaci, a natse, tare da wasu. Abin da muka gada kyauta, su da takardar gwamnati suke neman dawo da shi.

Wasiƙa ta uku ita ce ta fi tsaya mani a rai. Wata uwa ce daga Haɗeja. Ta ce su kam tare suke ci, yara duka a faranti ɗaya. Amma ɗanta mai shekara ɗaya da wata takwas ba ya ƙiba, kullum kamar ana ja da shi baya, alhali tare yake zama da yayyensa huɗu.

Malama, ai amsar tana cikin tambayarki. Yaron da bai kai shekara biyu ba, a sa shi tsere da 'yan shekara bakwai da goma a faranti ɗaya? Kafin ya kai loma biyu bakinsa sun suɗe. A nan ne zan ja wa maganata ta farko linzami: a zauna tare, amma ƙaramin yaro a ba shi ɗan kwanonsa daban, a kusa da ke, ki ga abin da ya ci da abin da ya bari, ki lallashe shi ba da tsawa ba. Cikinsa bai fi kofin shayi ba, don haka ba zai iya jiran safe da dare irin na manya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga haihuwa zuwa wata 6 nono zalla. Daga wata 6 zuwa 8 a ƙara da abinci sau 2 zuwa 3 a rana. Daga wata 9 zuwa shekara 2, sau 3 zuwa 4, da ɗan abin taɓawa a tsakani, ana kuma ci gaba da shayarwa. Kokon da kike dama masa ya yi kauri, ba tsararo mai zuba daga cokali kamar ruwa ba. Ki sa masa garin gyaɗa ko na waken suya, ko ɗan manja, ko dakakken busasshen kifi. Ƙwai kuma ki ba shi in ya samu. Maganar wai yaro in ya saba da ƙwai zai yi sata, camfi ne.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Binciken lafiya na ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A shiyyar Arewa maso Yamma abin ya kai kashi 57, fiye da rabi ke nan. Mu da ke noma gero da dawa da wake da gyaɗa! Kuma tsumburewar da ta kama yaro daga zamansa a ciki zuwa cikarsa shekara biyu da wuya a warware ta daga baya, tana kuma taɓa ƙwaƙwalwa ba jiki kaɗai ba. Talauci na da nasa kaso babba, cututtuka irin su gudawa da zazzaɓi ma haka. Amma rabo a cikin gida shi ma yana da nasa. Gida nawa ne ake tsame tsokar nama da kan kifi a jera a kwanon maigida, mai ciki da mai goyo da ɗan yaye su tashi da romo? Mu maza mun gama girma, ba inda za mu ƙara tsawo. Magidancin da ke ci a gaban iyalinsa ba zai iya haɗiye tsoka huɗu yara na kallonsa ba, zai miƙa. Wannan kaɗai ya isa dalilin zama tare.

Ki kuma kai yaron asibiti mafi kusa a auna nauyinsa da damtsensa, a wannan makon, ba sai an jima ba. In kika ga ƙafafunsa sun kumbura, ko gashinsa ya yi ja yana zuba, ko ya ƙi cin komai, to alamun tamowa ne, ranar za ki tafi.

Sai wani mai tuƙa Adaidaita Sahu daga Kano. Shi gajeren saƙo ya aiko, ya ce: Malam, kana ta cewa abinci mai gina jiki, mu da muke neman na sawa a baki ko wane iri ne. To ɗan'uwa, ba zan yi maka daɗin baki ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 kowa ya ji a jikinsa, kuma a tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tashin farashin abinci ya haura kashi 40 cikin 100. Ko da wasu kayan sun sauko daga baya, aljihu bai gama farfaɗowa ba.

Amma in na ce abinci mai gina jiki ba kaza da madarar gwangwani nake nufi ba. Wake nake nufi, wanda Nijeriya da Nijar ne kan gaba wajen nomansa a duniya. Hatsi da wake in sun haɗu, kowanne na cike giɓin ɗan'uwansa, shi ya sa garau-garau, da ɗan wake, da koko da ƙosai, da dambu mai gyaɗa da zogale ba abincin raini ba ne. Kuka, kuɓewa, rama, yakuwa, alayyafo, kabewa, daddawa, ƙuli-ƙuli, awara, duk a nan kusa suke. Hukumar Lafiya ta Duniya na son babban mutum ya ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a rana. In ba a kai nan ba, a yi abin da ya samu: miya ta yi ganye sosai, kwaɗo ya riƙa fitowa, lokacin mangwaro a sha mangwaro, lokacin gwaiba ko kankana a sha su, tun da a kakarsu suka fi araha. Mai ɗan fili a gida ya dasa zogale, cikin shekara guda yana tsinka.

Ga wasu dabaru da ba sa cin ko sisi. Kada a dafa ganye har ya yi baƙi, amfaninsa na raguwa. A rage kanwa, tana kashe wasu sinadaran abinci, gara a jiƙa wake tun dare ya yi saurin nuna, ga ragin gawayi. Shayi a kan abinci yana rage wa jiki samun sinadarin da ke ƙara jini, a ɗan jinkirta shi, musamman ga mai ciki da yara, amma ɗan lemon tsami ko tumatir yana taimakawa. Gishiri kuwa, abin da ake so babba kada ya kai giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da na cikin dunƙulen magi, wanda kusan rabinsa gishiri ne. Uwargidan da ke marmasa shida a tukunya sannan ta barbaɗa gishiri, ta san hawan jini take dafa wa gidan. Daddawa ta rage maki wannan. Kai kuma, kuɗin da kake kashewa a tasha kai kaɗai a kan faranti ɗaya da lemon kwalba, ka gwada kai shi gida na mako guda ka ga baki nawa zai ciyar.

Lokaci na ta gudu, bari in haɗa sauran a gurguje. Wata daga Gusau ta ce su biyu ne a gidan, kowacce ranar girkinta 'ya'yanta take fifitawa, har yaran sun daina cin na kishiyar uwarsu. Wannan gyaransa na hannun maigida. Ko girkin wace ce, ya tara 'ya'yansa duka a gabansa su ci daga tukunya ɗaya, shi ya raba nama da hannunsa. 'Yan uba da suka tashi a kwano ɗaya ba kamar waɗanda suka tashi kowa a ɗakin uwarsa ba ne, kuma ranar rabon gado ake ganin bambancin.

Wata Hajiya daga Zariya ta ce maigidanta na da ciwon suga da hawan jini, tana yi masa girki daban, yana ci shi kaɗai a ɗaki, har ya fara ƙin ci. Hajiya, ki dawo da shi cikin jama'a. A rage gishiri da mai a tukunyar kowa, ba wanda zai cutu. Shi dai a kwanonsa ganye ya yi rabi, malmalar tuwo ta zama ƙarama, a ƙara da wake ko kifi. Kuma tsayayyen lokaci ya fi muhimmanci gare shi fiye da kowa, domin mai shan maganin suga in ya tsallake abinci sugansa na iya faɗuwa ƙasa ya jirkice. Sauran bayani a bi abin da likitansa ya tsara.

Wani ɗalibi daga Yamai ya tambaya ko ci a kwano ɗaya ba ya yaɗa cuta. Ƙanjamau ba a ɗaukarsa ta kwano. Tarin fuka ta iska yake bi, in mai shi ya yi tari a ɗakin da ba iska, ba ta tuwo ba. Abin tsoro shi ne hannu mai dauɗa, shi ke kawo gudawa da taifot da kwalara. Don haka al'adar nan ta kowa ya tsoma hannu a roba ɗaya, na ƙarshe ya wanke da dattin na farko, a bar ta. A sa yaro ya zagaya da buta da sabulu yana zuba wa kowa. Abin da ya rage a rufe shi saboda ɓera, wanda ke kawo zazzaɓin Lassa, ɗumame kuma a tabbata ya yi zafi har tsakiyarsa kafin a ba yara.

To jama'a, mai kula da na'ura ya ɗaga mani hannu. Akwai wasiƙu biyu daga Kumasi da Garwa a kan abincin sahur da buɗa-baki, da wata daga wani ma'aikacin dare da ke tambaya yadda zai yi tun da Magariba a wurin aiki take riskarsa. Su za mu fara da su mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Baiwar Allah ta Funtuwa kuma muna jiran ki sake rubuto mana bayan wata guda, mu ji ko auta ta ci nasara.